Yadda kwamfuta ke mayar da harafi lamba, da abin da ke sa ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™

Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da wannan: ana tsakiyar labari sai a ga “Æ™asa” inda ya kamata a ga “ƙasa”, ko “É—aya” a madadin “ɗaya”, ko farashin kaya ya fito da “â‚¦” a gurbin alamar Naira. Wasu su ɗora wa waya laifi, wasu su ce cutar kwamfuta ce ta shiga. Ko ɗaya babu. Rubutun yana nan lafiya lau, ko ɗigo bai ɓace daga cikinsa ba. Abin da ya faru kawai shi ne manhajar da ta ajiye shi da wadda ta buɗe shi ba jadawali ɗaya suka duba ba.

Asalin maganar shi ne kwamfuta ba ta san harafi ba. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta wasu mitsi-mitsin makunnai ne, kowanne ko a kunne ko a kashe, aka sa wa kunnanne 1, kasasshe kuma 0. Guda ɗaya ana ce masa bit, in aka jera takwas sun zama bayit. Bayit ɗaya na iya ɗaukar salo 256, wato daga lamba 0 zuwa 255. Hoto da murya da bidiyo da lissafin banki, duk da waɗannan lambobi ake ajiye su, harafi ma haka. Sai dai babu abin da ya haɗa wata lamba da wani harafi tun asali. Mutane ne suka zauna suka ce lamba kaza ta harafi kaza ce. Kamar lambar ɗalibi ce a rajista: 17 a aji uku A wani yaro ne, 17 a aji uku B wata yarinya ce daban. In aka miƙo maka takarda ɗauke da 17 ba a faɗi ajin ba, kana iya kiran wanda ba shi ake nema ba.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun zamanin wayar tangaraho, a 1874, wani Bafaranshe mai suna Émile Baudot ya yi wa tsarinsa rajista, inda kowane harafi ke tafiya da bit biyar. Bit biyar salo 32 kaɗai suke bayarwa, ba za su ishi haruffa 26 da alƙaluma goma ba, don haka aka ware alamar da ke cewa daga nan abin da zai biyo baya alƙaluma ne, da wata mai cewa an koma haruffa. In alamar nan ta faɗi a hanya, sauran saƙon duk ya zama shirme.

Jadawalin da ya kafa tubalin abin da muke kai yau shi ne ASCII, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka ta fitar a 1963, aka ƙara masa ƙananan haruffa a 1967. Bit bakwai yake amfani da su, gurabe 128 ke nan. Waɗanda suka tsara shi sun yi aiki da basira, domin ba haka kawai suka watsa lambobin ba. Babban A yana kan 65, B 66, a jere har Z a kan 90. Ƙaramin a yana kan 97. Tazarar 32 ce cif, kuma da gangan aka yi: 65 a harshen kwamfuta shi ne 1000001, 97 kuma 1100001. Bit ɗaya tak ya raba su. Tsohuwar na'ura mai ƙaramin ƙarfi, in tana son mayar da ƙaramin harafi babba, sai ta kashe wannan bit ɗin, shi ke nan.

Alƙaluman lissafi ma suna da nasu gurbin, kuma a nan ne masu koyon rubuta manhaja suka fi yin tuntuɓe. Harafin “0” yana kan 48, “7” yana kan 55. Wato bakwai da ka danna a kibod ba ita ce bakwai ta lissafi ba, hoton bakwai ne mai lamba 55. Shi ya sa a yaren Python ko JavaScript in ka haɗa "7" + "7" za ka samu "77", ba 14 ba, domin jera haruffa aka yi, ba tarawa ba. A yaren C kuwa akwai tsohuwar dabara: a cire '0' daga '7', wato 55 a debe 48, sai bakwai ta gaske ta fito. Wannan bambancin ne ke sa lambar wayar da ta fara da 0803 ta koma 803 in aka zuba ta a Excel ba a gaya masa rubutu ba ne. Ya ɗauke ta lissafi, sifilin farko kuwa ba shi da daraja a lissafi.

Gurabe 32 na farko ba haruffa ba ne, umarni ne ga injin buga saƙo na wancan zamani. Lamba 7 ƙararrawa take kaɗawa don ma'aikaci ya san saƙo ya shigo. Lamba 13 na mayar da kan injin farkon layi, 10 kuma ta murɗa takarda zuwa layi na gaba, daidai abin da mai tafireta ke yi da hannu. Injinan sun tafi gidan tarihi, amma har yau Windows na rufe kowane layi da 13 da 10, Linux kuma da 10 kaɗai, masu manhaja na ta fama da saɓanin. Kamfanin IBM ma ya fito da nasa jadawalin daban, EBCDIC, inda A ke kan 193 kuma haruffan ba a jere ɗaya suke ba. Har yanzu yana raye a manyan kwamfutocin wasu bankuna.

Matsalar ASCII tana cikin sunansa, domin A ɗin farkonsa “American” take nufi: na Amurka ne, don Ingilishi aka yi shi. Babu é ta Faransanci, babu ko alif na Larabci, balle ƙ. Da bayit mai bit takwas ya zama ruwan dare, sai aka samu ƙarin gurabe 128, daga 128 zuwa 255, aka shiga wawason su, kowa tasa ta fisshe shi. Yammacin Turai ya cika su da nasa haruffan a jadawalin ISO 8859-1, Microsoft ya ɗan gyaggyara shi ya kira shi Windows-1252. Rasha ta yi nata, har fiye da ɗaya. Girka ta yi, Larabawa suka yi. Lamba 233 é ce a Faransa, й ce a jadawalin Windows na Rashanci, ι ce a na Girkanci. Fayil kuma ba ya ɗauke da tambarin da ke cewa ga jadawalin da aka rubuta ni da shi, sai dai manhaja ta yi canki-canka. Su Japan da Sin, masu haruffa dubbai, bayit ɗaya bai ma ishe su ba, sai da suka ƙirƙiro tsare-tsare masu bayit biyu.

A wannan rabon Hausa ba ta samu komai ba. An dai yi wani jadawali, ISO 6438, a 1983, mai ɗauke da haruffan harsunan Afirka ciki har da namu masu ƙugiya, amma don ɗakunan karatu aka yi shi, bai taɓa shiga kwamfutar da ke kan teburin ɗan jarida ko ɗalibi ba. Masu buga littafi da mujalla sai suka nemo wa kansu mafita. Font, wato kundin da ke riƙe da zanen kowane harafi, shi ne ke faɗa wa kwamfuta yadda za ta zana lamba kaza a fuskarta. Sai aka ɗauko font aka goge zanen q aka sa na ƙ, aka goge x aka sa ɗ, aka goge v aka sa ɓ, tunda Hausa ba ta amfani da waɗannan ukun. Wasu kuma baka-biyu suka sadaukar, } ta zama ƙ, ] ta zama ɗ. A takarda abin ya yi kyau matuƙa, kuma ba don wannan wayon ba da littattafai masu yawa sun fito babu ƙugiya. Amma a can ciki lambar ba ta sauya ba: abin da ido ke gani ƙ, kwamfuta 113 ta ajiye, wato q. Da zarar fayil ya je kwamfutar da ba ta da wannan font ɗin, asiri ya tonu, sai ka ga “qasa” da “xaya” da “vera”, ko “}asar” da “ha]a”.

Maganin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Joe Becker na kamfanin Xerox da Lee Collins da Mark Davis na Apple suka fara aikin jadawali guda da zai ɗauki rubutun duniya baki ɗaya, kowane harafi da lambarsa wadda ba ya tarayya da kowa a kanta. Shi ne Unicode. An kafa ƙungiyarsa a California a 1991, bugu na farko ya fito a shekarar. Da fari sun zaci gurabe 65,536 za su wadatar. Bai kai shekara shida ba suka ga ba za su isa ba, a 1996 aka faɗaɗa filin zuwa 1,114,112. Zuwa bugu na 16 da ya fito a 2024, haruffa da alamomin da aka ba lamba sun haura 150,000. Gurabe 128 na farko an bar su yadda ASCII ya ajiye su, A tana nan a 65.

A nan ne namu suka samu mazauni. Ƙ tana kan 408, ƙ 409. Ƴ da ƴ, waɗanda ake rubutu da su a Nijar, suna kan 435 da 436. Ɓ tana kan 385, Ɗ 394, amma ƙananansu sun yi nisa: ɓ 595, ɗ 599, domin an zuba su ne a sashen alamomin masana furuci. Masu manhaja kan rubuta lambar da ƙidaya mai tushe 16, shi ya sa za ka ga ana rubuta ƙ da U+0199. 409 ɗin ce dai. Lura da abin da wannan ke nufi: dabarar nan ta ƙara 32 ko cire 32 ta mutu. Tsakanin Ƙ da ƙ tazarar 1 ce, tsakanin Ɗ da ɗ 205, tsakanin Ɓ da ɓ 210. Duk manhajar da har yanzu take lissafi da 32 za ta mayar da “ɗan” ya zama “ɗAN”, in ma ba ta ɓata shi gaba ɗaya ba.

To amma ba harafi lamba abu ɗaya ne, zuba lambar a cikin bayit wani abu ne daban, kuma a nan kan mutane da yawa ke ɗaurewa. Bayit ba ya wuce 255, yaya za a yi da 409? Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowane harafi bayit biyu ko huɗu, sai dai hakan zai kumbura duk fayilolin Ingilishi, ya kuma rikita tsofaffin manhajoji. A watan Satumba na 1992, Ken Thompson da Rob Pike na cibiyar bincike ta Bell Labs suka zana mafita suna cin abinci a wani gidan abinci a New Jersey, a kan takardar da ake ɗora faranti. Ita ce UTF-8. Lamba daga 0 zuwa 127 bayit ɗaya take ci, daidai da ASCII, don haka duk tsohon fayil na Ingilishi ya zama UTF-8 ba tare da an taɓa shi ba. Daga 128 zuwa 2,047 bayit biyu. Daga nan zuwa 65,535 uku. Abin da ya haura haka, huɗu.

Bari mu bi ƙ a hankali. Lambarta 409, a sifili da ɗaya 110011001. A cike ta da sifili biyu a gaba ta zama bit goma sha ɗaya, a raba gida biyu: 00110 da 011001. Kashi na farko a manna masa 110 a goshi, alamar cewa harafin nan bayit biyu ne. Ya zama 11000110, wato 198. Na biyu a manna masa 10, alamar cewa ni ci gaba ne, ba farko ba. Ya zama 10011001, wato 153. Don haka ƙ a cikin fayil ita ce 198 sannan 153. Yanzu a miƙa waɗannan biyun ga manhajar da ta zaci Windows-1252 take karantawa, wadda a wurinta kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Ta duba 198, ta ga Æ. Ta duba 153, ta ga ™. Ita kuwa ɗ 201 da 151 ce, su ne É da doguwar karan nan. Alamar Naira, mai lamba 8358, bayit uku take ci, shi ya sa take fashewa gida uku. Wannan ɓarnar ana iya gyara ta, tunda lambobin na nan. A sake karantawa da jadawalin da ya dace kawai.

Ɗan akwatin nan da kan fito a gurbin harafi ma ba asara ba ce. Kwamfuta ta gane lambar sarai, font ɗin da ke hannunta ne ba shi da zanen, ko kuma ta aro zanen daga wani font sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri. Wadda ba ta da magani ita ce alamar tambaya. In ka ga “?asa”, to an tura rubutun ne ta jadawalin da ba shi da gurbin ƙ, manhaja ta jefar da 409 ta ajiye 63 a madadinta. Ba wanda zai iya tantance ko ƙ ce ta mutu a wurin ko ɗ ko ɓ, sai mai jin harshen ya zauna ya bi kalma-kalma. Rumbun bayanan da aka kafa da tsohon jadawali yakan yi wa dubban sunaye haka shiru, ba ko gargaɗi.

UTF-8 ta ci kasuwa, fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan intanet da ita suke aiki. Amma Windows da Java da JavaScript a cikinsu wani tsarin suke bi, UTF-16, mai awo da bayit biyu-biyu. Shi ya sa tambaya mai sauƙi kamar “harafi nawa ne a nan?” take da amsa fiye da ɗaya. A Python, umarnin ƙirga tsawo len("ƙasa") 4 yake bayarwa, amma in aka mayar da kalmar bayit-bayit, 5 ne. Fuskar nan mai dariya da hawaye, lamba 128514, harafi ɗaya ce a Python, 2 a JavaScript, bayit 4 a fayil. Rumbun bayanai na MySQL ya daɗe yana da wani abu da ya kira utf8 wanda ba ya wuce bayit uku, sai a 2010 aka kawo utf8mb4 mai ɗaukar huɗu. Manhajar da ke datse suna a bayit na ashirin kuwa tana iya raba ƙ biyu, ta bar rabin da ba ya karantuwa.

Inda abin ya taɓa aljihu shi ne saƙon tes. Tsarin GSM yana cusa haruffa 160 a saƙo ɗaya ta hanyar ba kowanne bit bakwai, daga wani ɗan jadawali na harsunan Turai. Babu ƙ, ɗ, ɓ a ciki. Ka sa guda ɗaya tak, waya za ta sauya saƙon gaba ɗaya zuwa tsarin bayit biyu, iyakar ta faɗo zuwa 70. Saƙon da zai tafi a guda sai ya zama uku, kuɗi ma haka. Kamfanin da ke tura sanarwa ga manoma ko masu asusu dubu ɗari zai gwammace ya rubuta “kasa” ya bar mai karatu ya tantance ko ƙasa ake nufi ko kasawa.

Akwai kuma sarƙaƙiyar da ba ta fito fili. In ka ce wa kwamfuta ta jera sunaye bisa lamba, Ƙasimu zai faɗo bayan Zainab, domin 408 ta fi 90, alhali a abajadar Hausa ƙ na bin k ne, ɗ na bin d. Ƙungiyar Unicode na da wani rumbu mai suna CLDR da ke ɗauke da ƙa'idar jerin Hausa, amma sai mai manhaja ya nema zai samu. Sai 'yar alamar nan ta 'ya'ya da Sa'idu da Asma'u. A ido ɗaya ce, a lamba uku ce: miƙaƙƙiya ta kibod 39, lanƙwasasshiya da Word ke sauyawa da kansa 8217, da wadda aka tanada don ta zama harafi a cikin kalma, 700. Ka nemi “'yan” da ɗaya, ba lallai ka samu wanda aka rubuta da ɗayar ba. Ita 39 ɗin ma a yarukan kwamfuta da dama alamar buɗe magana da rufe ta ce, don haka fom ɗin da aka yi wa aikin ganganci zai ƙi karɓar Mu'azu, ko ya datse shi ya bar Mu. Masu ƙamus da ke sa alamar karin sauti su ma suna da nasu: à na iya zama lamba ɗaya, 224, ko a da ɗigon lafazi mai lamba 768 a bayanta, kuma kwamfuta ba za ta ce daidai suke ba sai an daidaita su tukuna.

Ajami ya fi boko jira. Haruffan Larabci na asali suna cikin Unicode tun farko, alif yana kan 1575, kuma lamba ɗaya ce ko harafin na farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Font ne ke zaɓar siffar. Amma ƙarin haruffan da malamanmu suka ƙago don sautukan da Larabci ba shi da su, a hankali suka riƙa shiga: wasu a 2005, fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu a 2016, shekarar da rubutun Adlam na Fulfulde ma ya shiga, sannan bugu na 13 a 2020 ya ƙara wasu musamman don Hausa da Wolof. Samun lamba kuma somin-taɓi ne, sai an samu font mai zanen da kibod mai maɓallin kafin almajiri ya iya rubuta waƙarsa a waya.

A ganina, a ɓangaren boko uzuri ya ƙare. Lambobin suna nan shekara talatin da 'yan kai, kibod ɗin Hausa na waya yana da ƙugiyoyin, kuma abin da ake bukata daga mai manhaja bai taka kara ya karya ba: ya ajiye da UTF-8, ya faɗa wa burauza da rumbun bayanai cewa UTF-8 ce, ya daina ɗaukar bayit a matsayin harafi. Aikin da ya rage mai nauyi shi ne tarin kundayen digiri da littattafai da tsofaffin jaridu da aka buga da font ɗin q da x da v. Suna nan a kwamfutocin jami'o'i da maɗaba'u, mai neman “ƙasa” ba zai taɓa gano su ba, domin “qasa” ce a ajiye. Mayar da su ba wuya a ka'ida, a ce duk 113 ta koma 409, duk 120 ta koma 599, duk 118 ta koma 595. Sai dai umarnin ba ya bambance Hausa da Ingilishi, kuma rubutunmu cike yake da sunaye da kalmomin Turanci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: daga nan ne ake samun “Uniɓersity” da “Noɓember” da “Ɓictor” da “Eɗpress” a wasu shafukan labarai na Hausa. Gyaran kirki sai an haɗa da jerin kalmomin da za a tsallake, sannan mutum ya bi bayan na'ura da ido, shafi bayan shafi.